Fundi Famau da Abin Wuyan Shekara Talatin da Biyu

Haihuwarsa da asalinsa

An haifi Famau bin Shebwana a tsibirin Lamu da ke gaɓar tekun Kenya, cikin unguwar Langoni, a watan Rajab na shekarar 1340 bayan Hijira, wanda ya yi daidai da watan Maris na 1922. Mahaifinsa, Fundi Shebwana bin Kombo, maƙerin azurfa ne ɗan maƙerin azurfa, wanda ya shekara arba'in da ɗoriya a rumfa ɗaya yana ƙera wa matan garin mundaye da 'yan kunne irin waɗanda kakanninsu suka sa. Mahaifiyarsa, Mwanahawa binti Madi, saƙar tabarma ce sana'arta. Famau shi ne na huɗu cikin 'ya'ya shida, kuma shi kaɗai ne ya gaji uban a ƙira, sai dai bai gaje shi a zama ba. An ruwaito cewa ya fara tafiya yana da wata tara, kuma mahaifiyarsa takan ce tun daga ranar ba ta ƙara sanin inda yake ba.

Karatu da koyon sana'a

An sa shi makarantar allo yana da shekara shida, ya sauke Alƙur'ani yana da goma sha uku a hannun malami na uku. Biyun farko ba korarsa suka yi ba, shi ne dai ya gaji da kallon bango ɗaya. Bayan sauka ya zauna a maƙerar mahaifinsa, inda ya fara da zuga-zugi, ya koma jan waya, har aka yarda ya riƙe guduma.

Fundi Shebwana yana da ƙa'idoji biyu da ba ya ɗaga ƙafa a kansu. Ta farko, garin azurfar da ke zuba daga bakin magagari a kan fatar akuyar da maƙeri ke shimfiɗawa a cinyarsa ba ya komawa tukunyar narki tare da azurfa mai kyau, saboda yana ɗauke da ɓurɓushin ƙarfe da datti. Ta biyu, azurfa ba ta son yawan ganin wuta, domin kowane narki yana rage mata nauyi, yana kuma rage mata laushi. Famau ya riƙe ta farko har tsufansa kamar karatun salla. Ta biyun kuwa ta bayan kunnensa ta bi.

A shekarar 1938 ya ƙera zobensa na farko daga farko har ƙarshe. Uban ya juya shi a hannu, ya ce ya yi, abin da bai cika faɗa ba. Kafin tsohon ya ajiye kofin gahawarsa, zoben ya koma tukunya.

"Me zoben ya yi maka?" in ji Fundi Shebwana.

"Bai yi ba, Baba."

"Ni da na ce ya yi, makaho ne?"

"A'a. Ina dai hango wani a bayansa da ya fi shi."

"To, Allah ya sa na bayan nan ya san hanyar gidanmu," in ji tsohon, ya ci gaba da aikinsa.

A 1939 Famau ya shiga jirgin ruwan masu kai itace ya sauka a Mombasa, ya yi shekara uku a shagon wani Ba'indiye maƙerin zinariya. Daga nan ya wuce Zanzibar, daga bisani Tanga. Wasiƙar rashin lafiyar mahaifinsa ta bi shi gari biyu kafin ta riske shi, saboda haka ya iso Lamu a 1946 bayan an kwana huɗu da jana'iza. Ya buɗe rumfar, aka fara kiransa Fundi, wato gwanin sana'a.

Aurensa

A 1947 ya auri Somoe binti Lali, 'yar wani masassaƙin jiragen ruwa daga garin Siyu, mace mai ƙarancin magana, wadda in ta yi kuma ba a buƙatar ta maimaita. Mahaifiyarta ta rasu tana da shekara tara, ba ta bar mata komai ba sai mundayen ƙafa biyu na tsohuwar azurfa, masu nauyin tola arba'in a sikelin maƙera. A lokacin 'yan mata sun daina sa irinsu. Bayan wata biyu da tarewa Somoe ta fito da su daga akwati ta ajiye a gabansa.

"Fundi, waɗannan su ne duk abin da ya rage mini na uwata. Ƙafata ba ta iya ɗaukarsu. Ka mayar mini da su abin wuya, in riƙa jin ta a jikina."

"Kafin Maulidi kin sa shi."

"Maulidin bana?"

"Na bana mana. Da na yaushe?"

Haƙiƙa ya cika alkawarin farko. Cikin mako shida ya ƙera abin wuya irin na dā, mai sarƙoƙi da furanni, har maƙwabta suka riƙa leƙowa kallo. Somoe ta sa shi yammaci ɗaya a tsakar gida. Da ta juya, sai idonsa ya kai kan wani fure da ya ɗan sauka ƙasa da ɗan'uwansa, ya ce ta ba shi ya ɗan gyara. Kafin ta kawo masa gahawa abin wuyan ya zama ruwa. Ya yi mata bayani mai tsawo a kan wanda zai zo bayansa, ta saurara har ƙarshe, sannan ta ɗauke fatar akuyar daga cinyarsa. Ya ce ta zubar da garin da ke kai, datti ne. Tun daga ranar, duk sa'ad da ya taɓa azurfar mahaifiyarta, ita ce ke fita da fatar ta kakkaɓe, ba ta taɓa bar wa kowa wannan aiki ba. Famau ya ɗauka son tsabta ne kawai.

Zaman Nairobi

A 1951 wani matafiyi ya ba shi labarin wata Baturiya 'yar ƙasar Denmark, Dagmar Holbek, da ke ƙera azurfa a Nairobi da hannunta. Bai yi mako ba ya kama hanya. Ya same ta a wani ɗaki mai manyan tagogi, da munduwa a gabanta: sanda ɗaya tak, mai kauri a nan, siririya a can, ba fure ba zane, ga sawun guduma duk a jikinta.

"Yaushe za a ƙarasa wannan, Mama?" ya tambaye ta.

"An ƙarasa," in ji ta.

Ya yi dariya ya fita. Kwana uku bai iya cin abincin kirki ba, munduwar tana tsaye a idonsa. A rana ta huɗu ya dawo ya nemi aiki. Ya zauna da Mama Dagmar shekara bakwai, wanda shi ne zama mafi tsawo da ya taɓa yi ƙarƙashin wani. A wurinta ya koyi fitar da siffa da guduma kaɗai, da barin azurfa ta yi magana ba tare da an yi mata ado ba. Ta shaida cewa ba ta taɓa ganin hannu irin nasa ba, amma cikin watansa na biyu ta sayi kwaɗo ta riƙa kulle duk aikin da ya gama. Takan ce a ƙasarsu saboda ɓarayi ake kulle akwati, a nan kuwa saboda maƙeri.

Ya ɗauko iyalinsa zuwa unguwar Pumwani a 1952. Abin wuyan Somoe, wanda a lokacin shi ne na huɗu da ya ƙera mata, ya duba shi da sabon idonsa ya ce surutu ne, ya narke shi. Yanzu abin da yake nema sanda ɗaya ce, mai faɗi a gaba, mai tsukewa ta baya, wadda za ta kwanta a ƙashin wuya ba maɗauri ba sarƙa. Yana ganinta sarai in ya rufe ido. In ya buɗe kuwa, kullum akwai abin da ya rage.

Shagonsa da shekarun ƙaura

Mama Dagmar ta koma ƙasarsu a 1958, ta bar masa gudumominta. Ya buɗe nasa shago, ya sassaƙa hatimi mai hoton ƙaguwa da yake bugawa a bayan kowane aiki, kuma waɗanda suka san shi suka ce bai yi kuskuren zaɓe ba, tunda shi ma bai taɓa tafiya miƙe ba. Sunansa ya fita. Matan jakadu da na manyan ma'aikata, daga baya kuma matan sababbin shugabanni bayan samun 'yanci, duk sun sa aikinsa, an kuma baje kolinsa fiye da sau ɗaya.

Duk da haka bai zauna ba. A 1961 ya koma Darussalam, wai hasken Nairobi yana yi wa azurfa ƙarya. A 1964 ya dawo Nairobi, wai zafin Darussalam yana sa hannu santsi. A 1966 Mombasa, a 1969 Malindi. Zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi, Famau kuwa ya ɗauki maganar kifin kamar fatawa. 'Ya'yansa biyar, tun daga babbansu Lali, a garuruwa huɗu aka haife su, Somoe kuma ta daina kwance babban akwatin kwanoni, tana ciro abin da take buƙata ta mayar.

Masu sayen kayansa sun gane halinsa, sukan tsaya a kansa su karɓe aiki daga hannunsa tun da ɗuminsa. Azurfar Somoe ce kaɗai ba ta da mai ƙwata, domin a gida ɗaya suke kwana. Sau ɗaya ko sau biyu a shekara yakan fito da ita, ya narka, ya buga, ya gurza da magagari na kwanaki, ya ɗaga ta a hasken taga, ya yi tsaki.

"Baban Lali," ta ce masa wata rana a Mombasa, tana naɗe fatar akuyar, "uwata ta ga garuruwa yanzu fiye da yadda ta gani tana raye. Sai dai kowace shekara ramewa take yi a hannunka."

"Wannan karon na kusa, Maman Lali. Saura ƙiris."

"Ƙiris ɗin nan ya girmi Lali," in ji ta.

Bikin Tima

A 1972 aka sa ranar auren babbar 'yarsu, Tima, a Lamu. Famau ya rantse a gaban 'ya'yansa cewa uwarsu za ta shiga taron da abin wuyanta. Ya buɗe tsohuwar rumfar mahaifinsa, ya gama aikin saura mako biyu, duk wanda ya gani kuma sai ya yaba. Somoe ta ba da ɗinkin riga mai buɗaɗɗen wuya dominsa.

Da safiyar ranar taron ya ce bari ya ba shi gogewar ƙarshe. Da ya ɗaga shi a haske, sai ya hango tabon wuta, wata 'yar inuwa mai launin toka da kan kwanta a jikin azurfa, wadda ba mai ganinta sai maƙeri, shi ma sai ya nema. Ya goga, ba ta fita ba. Ya sa magagari. Ya bi ta, ya bi ta, har wurin ya lotsa. Garin neman gira aka rasa ido: kafin azahar abin wuyan yana cikin tukunya.

Somoe ta shiga cikin matan Lamu, waɗanda kowace ta kwaso zinariyar gidansu, da wuya fayau. Wata dattijuwa daga dangin ango ta dube ta sama da ƙasa.

"Matar maƙeri, ina aikin maigidan? Ko sai Turawa ake yi wa?"

"Yana hanya," in ji Somoe, ta ja mayafinta ta rufe wuyan, haka ta yini cikin wannan zafi.

Washegari ba ta ɗaga murya ba. Ta same shi a rumfa ta ce ya auna mata. Ya ɗora curin azurfar a sikeli. Tola goma sha huɗu.

"Arba'in na ba ka," ta ce, ta ɗauki fatar akuyar ta fita.

Daga wannan rana ba ta ƙara tada maganar ba, ba ta kuma ƙara kiransa Fundi ba. Kunya ta kama Famau irin wadda bai taɓa ji ba, amma shi mutum ne da bai san maganin kunya ba sai tafiya. Kafin shekara ta ƙare ya sake kwashe su zuwa Nairobi, can kuma ya ƙara narka curin sau uku, a ɓoye a zatonsa, ko da yake kullum yakan tarar an kakkaɓe fatar.

Komawa Lamu

A 1978 idonsa ya fara rauni, hannun damansa ya soma rawa ko ba fargaba, ya rufe shagon Nairobi ya dawo Langoni. A watan Fabrairu na 1979 ya sake narka curin, da niyyar wannan ne na ƙarshe, kamar yadda ya yi niyya a duk na baya. Ya zuba, ya huce, ya ɗora a uwar maƙera. A bugu na uku gefunan suka dare kamar ƙasar fadama da rani. Ya sake narkawa, azurfar ta sake darewa. A nan ne maganar mahaifinsa ta biyu, wadda ta bi ta bayan kunnensa shekara arba'in da suka wuce, ta dawo ta same shi. Ya ajiye guduma ya shiga gida.

"Maman Lali, na kashe ta. Azurfar ta mutu, ba ta ƙara karɓar guduma. Ba ni da abin da zan ce miki."

Somoe ta dube shi, ta tashi ta buɗe babban akwatin nan, ta ciro kwalaben ruwan wardi guda biyu, ta dire a gabansa. Da ya ɗaga ɗaya sai nauyinta ya ba shi mamaki. Cike suke da wani gari mai launin toka.

"Dattin da ka ce in zubar," in ji ta.

"Tun yaushe?"

"Tun furen da ya sauka ƙasa. Gida goma sha ɗaya na bi ka da su."

"Ai ba a mayar da wannan tukunya. Babana ya hana."

"Babanka abu biyu ya hana, kai ka faɗa mini da bakinka. Ka zaɓi wanda ya yi maka daɗi ka bi. Yau sai ka karya na farkon ma, su zama daidai."

Ya bi garin da mayen ƙarfe har ya daina ɗauko komai, ya wanke, ya tace, ya narka sau ɗaya. Aka sami tola goma sha tara, mai laushi kamar ranar da aka kawo ta daga Siyu, domin galibin garin nan bai sha wutar da curin ya sha ba. Somoe ta kafa sharaɗi guda, cewa a gabanta za a yi. Ta kawo kujera ta zauna a bakin rumfa, abin da mace ba ta taɓa yi a wannan rumfa ba, ta bar masu wucewa suka yi ta kallo. Kwana tara tana nan tun hantsi har la'asar. A rana ta tara ya tsamo abin wuyan daga ruwan tsamiya, ya share shi, ya fara ɗaga shi wajen haske. Hannunta ya riga hasken. Ta karɓe, ta saƙala a wuyanta.

"Saura gogewa," in ji Famau. "Saura hatimi."

"Saura ka sha gahawarka, ta huce."

Ɓangaren hagu ya ɗan fi na dama faɗi, kuma a ƙasan gaban akwai sawun guduma ɗaya da ya zarce sauran zurfi, inda hannunsa ya yi rawa. Somoe ba ta ƙara cire shi ba. Da shi take wanka, da shi take barci, da shi take kankare kwakwa. Ya roƙe ta ta ba shi aronsa kwana ɗaya, ta ce ko sa'a ɗaya. Ya turo Lali da roƙo, ta ce wa Lali ya je ya yi aikin gabansa. Wasu masana daga Nairobi da suka gani sun ce bai taɓa yin aikin da ya kai shi ba, suka nemi aronsa don baje koli, ta ce sai dai su tafi da ita su ajiye a cikin gilashin.

Famau ya shekara bakwai a Lamu bai ƙara ƙaura ba. Mutanen Langoni sun ce ba nutsuwa ya samu ba, ba ya dai iya yin nisa da wuyan matarsa ne. Yakan taka bakin teku daga wannan ƙarshe zuwa wancan sau biyu a rana, ya dawo ya zauna cin shinkafa da kifi, idonsa a kan wannan sawun guduma, yatsunsa suna motsi a gefen faranti.

Rasuwarsa

Ciwon ƙirji, irin wanda hayaƙin gawayi ke bar wa maƙera, ya kwantar da shi a tsakiyar 1986. Ana gobe zai rasu, bayan la'asar, ya ce Somoe ta matso. Ta sunkuyo, amma hannunta ɗaya yana riƙe da abin wuyan ta baya. Ya kai babban yatsansa ya lalubo wurin.

"Bugu biyu kawai," ya ce. "Nan, da nan."

"Na ji, Fundi," in ji ta. Shekara goma sha huɗu ke nan rabon da ta kira shi da wannan suna.

Allah ya yi masa rasuwa da safiyar Talata, 14 ga Oktoba 1986, cikin watan Safar na 1407, yana da shekara sittin da huɗu. An yi masa salla bayan azahar, aka binne shi kusa da mahaifinsa. Ya rasu ya bar matarsa Somoe binti Lali da 'ya'ya biyar: Lali, direban jirgin ruwa a Mombasa, Tima, da ke aure a Lamu, Kombo, malamin makaranta a Malindi, Mwanahawa, ma'aikaciyar jinya a Nairobi, da Madi, wanda ya gaji rumfar da gudumomin. Ya kuma bar jikoki goma sha tara.

Da yake mai takaba ba ta ado, a ranar ce Somoe ta cire abin wuyan karo na farko. Ba ta sa shi a akwati ba. Ta aika aka ɗauko mata uwar maƙera da gudumarsa aka ajiye a ɗakinta, ta ɗora shi a kai, a fili, ba kwaɗo ba rufi. Ranar da ta fita takaba ta ɗauka ta juya shi a haske, ta shafa wurin da babban yatsanta, Tima na tsaye a bakin ƙofa.

"Wata huɗu da kwana goma na bar masa shi," ta ce. "Bai taɓa ba."

Ta mayar da shi wuyanta, sannan ta yi kukan da ba a ga ta yi ba ranar jana'iza. Allah ya jiƙan Fundi Famau, ya ba shi a makwancinsa zaman da bai samu a duniya ba.